Motar iyali a ƙasar Adar: abin dubawa kafin a sayi babbar bashe ta hannu

Ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati da dama na Madawa da Buza da Keita sukan yi shekaru suna tara kuɗi domin su mallaki akori-kura mai ƙofa huɗu, wadda za ta ɗauki iyali a gaba, ta ɗauki kaya a baya. Yanzu kuma ga manya-manyan na Amurka suna shigowa kasuwar okaziyo, da faɗin ƙirji da sanyin ciki mai ɗaukar hankali. Wace ce ta dace da hanyoyinmu da aljihunmu? Ga abin da ya kamata maigida ya auna kafin ya ƙirga kuɗi.

Duk wanda ya taɓa kwana a Tama cikin watan Agusta ya san amfanin mota, ya kuma san iyakarta. Garin yana cikin kwarin Majiya, a gundumar Buza, inda aka fara dasa layukan dogon yaro tun 1975 don kare gonaki daga iska. Ƙasa ce ta tudun duwatsu da kwari. Idan ruwa ya sauka a kan tudu ba ya jiran kowa: cikin sa'a guda ƙoramu sun ciko, sun yanke hanya, in sun janye su bar laka da rairayi. Da rani kuwa, da zarar an bar babbar hanyar da ta haɗa Madawa da Buza da Keita har Tawa, sai gargada da tsakuwa mai cin taya, da ƙurar da ke shiga har cikin inji.

A irin wannan ƙasa, ranar sanin motar iyali takan zo da dare. Naƙuda ta yi tsanani, ungozoma ta ce a nufi likitar Madawa ko ta Galmi. Ko kuwa zazzaɓin damina ya sa yaro sanƙarewa, kowa ya dubi maigida. A wannan daren babu mai tambayar launin mota ko sunan kamfaninta. Abin da ake so ta tashi da murɗa makulli, ta ƙetare ƙorama, ta kai. Wanda zai sayi mota saboda iyali, da wannan daren ya kamata ya fara lissafi.

Daga 404 zuwa Hilux

Dattawanmu sun san bashe tun zamanin Peugeot 404, mai rumfar tamfol da benci biyu a baya, sa'an nan 504 ta biyo ta. Kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antar harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, saboda haka kayan gyara suka wadata daga Kano da Sakkwato har Ƙonni da Maraɗi, kowane makaniki kuma ya san cikin motar kamar tafin hannunsa. Daga baya kat-kat ta Japan ta karɓi fage. Aikin raya karkara na Keita, wanda ya fara a 1984 da kuɗin ƙasar Italiya da hannun hukumar FAO, da sauran furojen da suka biyo baya, sun saba wa mutanen Adar da ganin irin waɗannan motoci suna hawa dutse suna gangarawa kwari. Hilux dai tun 1968 Toyota ke ƙera ta, Land Cruiser jerin 70 kuwa tun 1984, kuma har a yaƙin Cadi da Libiya na 1987 sunan waɗannan motoci ya fita duniya.

Karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 ita ta raba ma'aikaci da mafarkin sabuwar mota, domin cikin dare ɗaya farashin kayan waje ya ninka. Tun daga nan kasuwa ta koma ta okaziyo: motocin da Turai ta gama da su, a ɗora su a jirgin ruwa zuwa Kotonu, a koro su ta Malanbil da Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka da Benin, kaya suka koma bin Lome da Burkina Faso, hanya mai tsawo da tsada da jiran rakiyar soja. Duk kuɗin wannan zagaye a kan mai saye na ƙarshe ya sauka. Ga kuma motocin da ke zuwa daga Dubai, da waɗanda ake sayowa a gwanjon Amurka da Kanada. Cikin na ƙarshen nan ne manyan bashe suke: Toyota Tundra, Ford F-150, Chevrolet Silverado da Ram.

Girman jiki da nauyin ɗauka

Gaskiya ne, mutum in ya shiga ɗaya daga cikinsu sai ransa ya biya. Kujerar baya kamar falo, manya uku su zauna ba mai taɓa kafaɗar wani, ga sanyi, ga jakunkunan iska masu kare mutum in an yi karo. A Amurka babu akori-kurar da ake saye kamar jerin F na Ford tun daga 1977, injin Tundra mai silinda takwas kuma ya yi suna wajen daɗewa. Sau da yawa ma kuɗin da dillali zai faɗa bai kai na Hilux sa'arta ba. Nan ne mai saye ke ganin ya yi tsintuwa.

Amma a duba alƙaluma. Tsawon Tundra mai ƙofa huɗu ya kai mita 5,8, faɗinta ya ɗara mita 2, nauyinta tan biyu da rabi ko fiye. Hilux mai ƙofa huɗu tsawonta wajen mita 5,3 ne, nauyinta wajen tan biyu. Sai mutum ya zaci babbar ta fi ɗaukar kaya. A'a. Abin da kamfani ya yarda a ɗora wa yawancin Tundra, mutane da kaya gaba ɗaya, wajen kilo 700 ne, alhali Hilux tana kusantar tan ɗaya. Dalili kuwa shi ne an ƙera ta Amurka ne don jan tirela a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya da jin daɗin mazauna ciki, shi ya sa aka tausasa ƙarafan da ke riƙe da bayanta.

Mu yi lissafin a buhu. Manya biyar sun zauna, kilo 350 ya tafi. Saura kilo 350. Buhun albasar Galmi da aka cika aka ɗaure masa hula ya wuce kilo 100. Ashe buhu uku ne rabonta, na huɗu zalunci ne. Ɗan kasuwar da ya saye ta da niyyar kai iyali biki ranar Asabar, ya kwaso albasa ko siminti daga Malbaza ranar Litinin, zai ga bayanta ya durƙusa tun kafin shekara ta zagayo. Akwai wasu F-150 da aka ƙarfafa don kaya, amma sai an karanta ƴar takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, inda aka rubuta nauyin da aka halatta. Ido ba mudu ba ne a nan.

Faɗin ma yana da nasa wahala. Hanyoyin ƙauye sawun amalanke da na Hilux ne suka fitar da su. Mota mai faɗin mita biyu tana tafiya ƙafa ɗaya cikin sawu, ɗaya a kan kafaɗa, ƙaya tana zanen fenti, dutse yana yankan gefen taya. A lungunan tsohon gari kuwa, wani zauren sai an rushe ginshiƙi kafin ta shiga.

Kujeru biyar ne

Wannan batu ya fi duk sauran nauyi, ko da yake shi aka fi kawar wa da kai. Akori-kura mai ƙofa huɗu, babba ce ko matsakaiciya, mazaunin mutum biyar gare ta, wasu shida. Gidan da ke da mata biyu da ƴaƴa takwas da tsohuwa ba zai shiga ciki ba. Abin da ke faruwa kowa ya sani: manya a ciki, yara a baya tare da buhuna da tabarmi da rago. Mun saba gani har ya daina ba mu tsoro.

Bayan bashe ba shi da ɗamara, ba shi da rufi, ba shi da abin riƙewa sai gefen ƙarfe. Taya ta fashe a guje, ko direba ya kauce wa jaki ko rami, wanda ke baya shi ne farkon tashi sama. Kuma irin waɗannan motoci masu tsayi sun fi ƙaramar mota saurin kifewa, musamman a hanya mai gargada, inda bayan da ba shi da nauyi yake rawa yana neman wuce gaba. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1,19 ne suka mutu a hatsarin hanya a 2021, kuma nahiyar Afirka ce ke da kaso mafi muni in aka auna da yawan jama'a, duk da ita ce mafi ƙarancin motoci. Hukumar ta ce ɗaura ɗamara yana rage hatsarin mutuwa har zuwa rabi. Yaron da ke zaune a kan buhun gero ba ya cikin wannan lissafi.

Manyan na Amurka suna da wani aibi na daban: hancinsu dogo ne, mai tsayi. Yaro ɗan shekara uku in ya tsaya dab da gabanta, direba ba ya ganinsa ko kaɗan. A garuruwanmu, inda yara ke rugowa su tarbi baba tun daga bakin lungu, wannan abin tsoro ne. Wanda ya saye ta ya ɗora wa kansa doka: ba tashi, ba ja da baya, sai ya zagaya motar da ƙafa ko ya sa babba ya tsaya masa.

Saboda haka tambayar farko ita ce ta ƙirga kawuna. In waɗanda za a riƙa ɗauka sun wuce biyar, to akori-kura ba ta amsa bukatar gidan ba. Kat-kat rufaffiya mai layin kujeru uku, ko ƙaramar bas irin Hiace ga wanda zirga-zirgarsa ta kan gudro ce, ta fi kusa da abin da ake nema. Kaya kuwa ana iya ba kamiyon ranar kasuwa ko amalanke. Buhu in ya faɗi ana ɗauka a kakkaɓe.

Lissafin mai

Manyan bashe na Amurka da ke zuwa mana kusan duka esans suke sha. A da, lokacin da ƴan ruwa-ruwa ke jere da kwalabe daga Ƙonni har Madawa suna sayar da man Najeriya da araha, wannan bai dami kowa ba. Amma tun da gwamnatin Najeriya ta janye tallafin mai a ƙarshen watan Mayu 2023, wannan arahar ta kau, jama'a suka koma gidajen mai. A watan Yuli 2024 gwamnatinmu ta sa litar esans sefa 499, ta gazuwal sefa 618. A watan Maris 2025 kuma an ga dogayen layuka a gidajen mai na ƙasar nan saboda ƙarancin esans, domin abin da matatar Damagaram ke fitarwa bai ishi bukata ba.

Mu ɗauki waɗancan farashi mu auna. Daga Madawa zuwa Yamai wajen kilomita 500 ne, zuwa da dawowa 1.000. Injin silinda takwas da ke shan lita 17 a kowane kilomita 100 zai ƙone lita 170, wato kusan jika 85. Hilux ta gazuwal mai shan lita 10 za ta ƙone lita 100, wato kusan jika 62. Bambanci jika 23 a tafiya ɗaya. Mai yin kilomita dubu 20 a shekara zai biya ƙarin jika 460. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta tsayar daga Janairu 2024 jika 42 ne; ashe ƙarin nan ya kai albashin wata goma sha ɗaya na ƙaramin ma'aikaci. Wannan kuma lissafin kan gudro ne. A cikin rairayi da laka, da kaya da sanyi a kunne, babban inji yana wuce lita 20 ba tare da wahala ba.

Ma'aikacin da ke jiran ƙarshen wata ya tambayi kansa: bayan kuɗin lakwal na yara da hatsi da wuta da abin da ake aika wa iyaye, nawa ke saura na tanki mai cin lita ɗari? Akwai motoci da dama a gidajen manyan garuruwanmu da ke kwance ƙarƙashin rumfa, lafiyarsu ƙalau, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu. Mai ne ya kwantar da su.

Ranar da ta lalace

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Motar hannu za ta lalace, sai dai a tambayi ina, kuma wa zai gyara. Injin 1HZ na Land Cruiser, mai silinda shida da lita 4,2, yana aiki tun 1990 ba tare da na'ura mai ƙwaƙwalwa ba. Tsofaffin injinan gazuwal na Hilux ma haka. Makanikin Madawa ko na Buza yana kwance su ya ɗaura a gindin bishiya, abin da ya rasa kuma a aika Ƙonni ko Maraɗi, ya iso a motar gobe. Tayar inci 16 akwai ta a kowace babbar kasuwa, sabuwa da ta hannu.

Ta Amurka kuwa ba a sayar da ita sabuwa a yankinmu, don haka ba a tara kayanta ba. Ƙaramin abu kamar na'urar auna iska ko famfon mai na cikin tanki yana iya zaunar da ita makonni, ana jiran saƙo daga Yamai ko Kano ko Dubai. Cutarta sai an jona mata kwamfuta ake ganewa. Ƙafafun da yawansu inci 18 ne ko 20, tayoyinsu masu tsada da wuyar samu a karkara. Giyarta mai canja kanta ce, wadda ba ta tashi da turi: batir ya mutu a dajin Tama da asuba, ko samarin gari duka sun taru ba abin da za su iya. F-150 da aka ƙera daga 2015 kuma jikinta na alminiyom ne, mai walda na bakin tasha ba zai iya yi mata abin da ya saba yi wa ƙarfe ba.

Kada a ɗauka duk mai sunan Hilux ta tsira. Sababbin da aka ƙera don Turai suna da matatar hayaƙi da wani ruwa na musamman da ake zuba musu, kuma suna son gazuwal mai tsabta ƙwarai. Gazuwal na jarka da ƙurar hunturu suna toshe su, gyaransu kuma ba na gindin bishiya ba ne. Wadda aka ƙera don Afirka ko ƙasashen Larabawa ta fi haƙuri da halinmu. Shawara mafi sauƙi ita ce, kafin a je wurin dillali a fara zuwa gareji. A tambayi makanikin da zai riƙa duba motar wane inji ya sani, kayan wanne yake samu cikin kwana biyu. Amsarsa ta fi ta mai sayarwa amfani, domin shi za a riƙa tasa da tsakar dare.

A shiga ƙarƙashinta

In an tsai da shawara, kada a yi cinikin biri a sama. Hoton da aka turo ta waya daga tashar jirgin ruwa ba ya nuna tsatsa. A je da makaniki, a je da safe kafin a tayar da injin, domin inji mai sanyi ba ya ɓoye ciwonsa. Shuɗin hayaƙi alamar yana cin baƙin mai ne; farin hayaƙin da ba ya ɗaukewa, ko kumfa mai kama da madara a murfin mai, alamar ruwa na shiga inda bai kamata ba.

Sa'an nan a shimfiɗa buhu a shiga ƙarƙashi da tocila da guduma. A arewacin Amurka da Kanada gishiri ake watsa wa hanya lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuwa yana cin shasi daga ciki. A 2009 kamfanin Toyota da kansa ya kira Tundra na shekarun 2000 zuwa 2003 domin gyara saboda tsatsar shasi. Shasin da aka shafe da sabon baƙin fenti abin tuhuma ne. A ƙwanƙwasa a ji ko ƙarfe ne ke amsawa. A duba sawun walda, a duba ko ƙarafan baya sun miƙe ko an ƙara musu ganye, shaidar ta sha lodi.

Da yawa daga motocin gwanjon Amurka kamfanonin asurans ne suka sallama su bayan karo ko ambaliya. Guguwar Katrina ta 2005 da ta Harvey ta 2017 sun nutsar da dubban ɗaruruwan motoci, kuma kowace shekara ana samun irinsu. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a shinshina, a duba laka a ƙarƙashin kujeru da tsatsa a kan ƙusoshinsu. Motar da ta sha ruwa tana iya tafiya wata shida lafiya, sa'an nan wayoyinta su fara hauka ɗaya bayan ɗaya. A lura kuma da fitilar jakar iska: ta kama in an murɗa makulli, ta mutu bayan ƴan daƙiƙu. Wadda ba ta kamawa sam, wataƙila an cire ƙwanta ne don a ɓoye cewa jakar ta riga ta fashe.

Agogon tafiya ma yana ruɗi. Na Amurka da mil yake ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1,6 ne. In ya nuna dubu 150, kilomita dubu 240 ke nan. Ana kuma mayar da shi baya. Sitiyarin da ya sule da fedar da ta cinye sun fi agogo faɗin gaskiya. A tambayi yaushe aka canja bel ɗin cikin inji, ga injinan da ke da shi, domin in ya tsinke a guje inji ya tafi. In babu shaida, a canja shi tun ranar farko a sa cikin kuɗin saye. Daga ƙarshe a fita da ita daga gudro, a sa kat-kat babba da ƙarama a cikin rairayi, a taka birki da ƙarfi, a saki sitiyari kaɗan a ga ko tana ja gefe. Dillalin da ya hana gwaji ya riga ya ba da amsa.

Takardu kafin makulli

Kowace motar zamani tana da lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17. A karanta ta a jikin ƙarfe, a gwada da ta takardar duwan da ta kart giriz, harafi bayan harafi. Wanda ke da ɗa ko ƙane mai sanin intanet ya sa shi ya bincika lambar, domin motocin Amurka da Kanada tarihinsu a rubuce yake: karo, ambaliya, sata. Ƴan sandan duniya na Interpol sun sha gano motocin da aka sato daga Kanada a tashoshin Afirka ta Yamma, kuma in aka kama, mai saye ne ke asarar mota da kuɗi.

Motocin furoje da na ƙungiyoyin agaji da ake gwanjonsu suna da kyau ta wani fanni, domin galibi akwai littafin da ke nuna lokutan da aka yi musu juye da gyara. Sai dai da yawansu sun shigo ne da yafiyar haraji, wanda ya saya shi zai biya duwan kafin ta zama tasa. A san adadin tun kafin a yi tayi. Haka motar da ta fito ta Najeriya ko aka shigo da ita da sunan wucewa: a kai takardunta ofishin duwan a tabbatar, kada a dogara da rantsuwar dillali. Bayan wannan ga asurans, ga binyet, ga bizit teknik, kowace shekara. Mai hankali yakan ware wani kaso na kuɗinsa, kada ya zuba duka a saye, domin wata ukun farko na motar hannu watannin gareji ne.

Akwai kuma batun tsaro, wanda ba ya son dogon bayani. Farin jinin Hilux da Land Cruiser bai tsaya ga mutanen kirki ba. Arewacin jihar Tawa, wajen Tiliya da Tasara, an sa shi cikin dokar ta-ɓaci a 2017, yankunan kan iyaka na kudancin Madawa kuma sun sha fama da ƴan bindiga. Mai irin wannan mota ya san hanyar da zai bi da lokacin da zai bi ta, ya bar tafiyar dare in ba ta lalura ba.

Motar gida, motar gari

Abu na ƙarshe ba ya cikin littafin kowane kamfani. Ranar da bashe ta shiga gidan mutum a gari kamar Tama, ta zama ta dangi da maƙwabta. Ita ce motar kai mara lafiya, ita ce ta ɗaukar gawa, ita ce ta kai amarya da jerenta, ita ce ta kwaso dawa daga gona in kaka ta yi. Wanda ya zo da gaisuwa da asuba yana cewa ƴarsa ba ta kwana ba, ba a ce masa ya kawo kuɗin mai. Wannan lada ne, kuma mutunci ne da ba a saye da kuɗi. Amma nauyi ne da ya kamata a sa cikin lissafi tun farko, domin rabin tafiyar da motar za ta yi ba maigida ne zai tsara ta ba. Mai injin da ke shan lita 20 zai fara ɓuya daga mutane, ko ya ce ta lalace alhali lafiyarta lau; motar da aka saya don zumunci sai ta koma sanadin ɓata shi.

A nan ne ma ya kamata maigida ya kafa sharuɗɗansa tun ranar da aka zo yi masa barka: ba a ɗora yara a baya, ba a wuce nauyin da aka rubuta, ba a shiga ƙorama tana gudu. Damunar 2024, wadda ambaliyarta ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a ƙasar nan har aka ɗage komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba, ta tuna mana ƙarfin ruwa. Ruwan da ya kai gwiwa yana gudu yana iya ɗaga mota mai tan biyu ya juya ta, girmanta ba ya hana komai. Direban kirki yakan kashe inji ya jira a bakin gaɓa, ko da za a kira shi matsoraci.

Ba a ce babbar bashe ta Amurka haramun ce ba. Alhajin da ke zaune a bakin babbar hanya, tafiyarsa Maraɗi da Ƙonni da Yamai, yana da wata motar ta kaya, kuɗin mai kuma ba ya tayar masa da hankali, zai ji daɗinta, iyalinsa ma za su huta da jijjiga. Amma malamin lakwal ko ma'aikacin gona ko ɗan kasuwar da mota ɗaya tak zai iya saye, gidansa kuma yana bayan ƙorama uku, daidai ruwa daidai tsaki. Ya nemi wadda makanikin garinsu ya sani, wadda tayarta ke kasuwar kusa, wadda zai iya cika wa tanki ranar ashirin ga wata, ya kuma tabbata kowane ɗa yana da kujera da ɗamara. In kuɗin bai kai ba bana, a ƙara haƙuri zuwa baɗi. Ya fi a sayi abin da zai kwanta a rumfa.

Allah ya ba da ta alheri, ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya.